SUNAN TATA DA SAURAN IYAYENMU MATA

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya in taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke tuna matanmu bayan sun kwanta dama.

Ku saurari sanarwar rasuwa a rediyo. In namiji ne, za a faɗi sunansa da na mahaifinsa, da sana'arsa, har da sarautar da ya riƙe. In mace ce kuwa, sai ka ji an ce mahaifiyar Alhaji wane, ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki da dama. Shi ke nan fa! Shekara saba'in ko tamanin na rayuwa an dunƙule su a numfashi ɗaya.

Na san za a ce alkunya ce, ɗa ba ya kama sunan uwarsa. Ban ƙi ba, tarbiyyarmu ce. Amma kunyar baki daban, mantuwa daban.

Ku dubi Bebeji. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Mahaifinsa Abdullahi, fatake ne daga Agalawa, ya rasu yana yaro. Mahaifiyarsa Fatima, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Ta tashi ta tafi Ankara, babban birnin Gana na yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta raine shi, shi ya sa aka ce masa ɗan Tata. Yaron nan ya girma ya yi fataucin goro, ya shiga cinikin gyaɗa, kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. An yi rubuce-rubuce a kansa. To ita Tatar fa? Wa ke ba da labarinta? Ita kuma Amarya, macen da ta keta dazuka har bakin teku a zamanin ayari da jakuna, ai rayuwarta kaɗai littafi ce mai kashi uku.

Irinsu suna nan birjik. Tsohuwar da ke turara shinkafa a Tudun Wada, da mai kai ƙuli-ƙuli da daddawa kasuwar Kwanar Ɗangora a Kiru, da wadda adashinta ya sayi takin masarar gidansu a Doguwa. Da kuɗinsu aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, aka biya wa yara kuɗin jarrabawa. Amma a yawancin littattafan kasuwa kaka 'yar barkwanci ce mai goro a baki, uwar miji kuwa kullum tana gidan boka. Haba!

Abin da ya fi ba ni haushi, sai da Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954, da Turanci. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da kakanninmu, ga waya mai ɗaukar murya a aljihun kowane jika, me muke jira?

Da Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Yunin 2025, aka binne shi a Madina, gidajen rediyon duniya sun wuni suna ambaton sunan tsohuwar nan ta Bebeji, mafi yawansu ba su ma san sunan mace suke kira ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan iyayenmu.