Ba shirwa kaɗai ke cinye mana 'yan tsaki ba

Kaza takan yi kwana 21 kwance kan ƙwai, ta ƙyanƙyashe goma, amma kafin wata ya cika sai ka ƙirga uku ko huɗu. Mu ce shirwa ce, mu ce ƙaddara. Gaskiya da laifinmu a ciki.

Dubi yadda muke watsa hatsi tsakar gida. Zakara da manyan kaji da zabbi su yi caa, su tsince tas. Ɗan tsako bakinsa bai iya ɗaukar ƙwayar dawa, ga tsattsaga, ga takawa. Yunwa ke fara karya shi, sannan sanyi ko ciwo su ida shi.

Maganin ba shi da tsada. A kifa babban kwando, a ɗan ɗaga bakinsa da dutse yadda 'yan tsaki kaɗai za su shiga. A zuba musu tsakin hatsi, dussa mai ɗan damshi, da gara, don ita ce namansu. Ruwa a faifan tasa marar zurfi, a jefa tsakuwa kada su nutse. Haka har sati shida. Kafin sanyi ya shigo kuma, a nemi ma'aikatan kiwo su yi rigakafin annobar kaji.

Kaza ita ce asusun uwargida: kuɗin magani, kayan lakwal, tarbon baƙo. Duk tsakon da ya mutu, daga aljihunta ya fita. Allah ya sa mu gyara.