SHARHI: Abin da ya sa Sinawa ke zuba miliyoyin daloli kan adireshin intanet mai lambobi

A shekarar 2015 kamfanin Qihoo 360 na ƙasar Sin ya sayi adireshin 360.com daga hannun Vodafone, kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 17. Shekara guda kafin nan, Xiaomi mai ƙera wayoyi ya biya dala miliyan 3.6 domin mallakar mi.com. Wanda bai san kasuwar ba zai ɗauka almubazzaranci ne: lambobi uku ko haruffa biyu kacal. Amma akwai lissafi a ciki, kuma tushensa harshen Sinanci ne.

Rubutun Sinanci ba ya amfani da haruffan boko. Idan Basine zai shiga wani shafi, sai ya rubuta sunan da tsarin pinyin, wato rubuta lafazin Sinanci da boko, abin da ke da tsawo da saurin kuskure. Lamba kuwa kowa ya san ta, daga ɗan makaranta har tsohuwar ƙauye. Shi ya sa tikitin jirgin ƙasa ake sayen sa a 12306.cn, kamfanin NetEase ya yi suna da 163.com, Alibaba kuma ya ɗora kasuwarsa ta 'yan sari a 1688.com, domin furucin lambobin ya yi kama da sunan kamfanin.

Lambobin ma ba darajarsu ɗaya ba. Furucin 8 ya yi kusa da kalmar arziki, 6 na nuni da tafiyar al'amura sumul, 9 da ɗorewa. Ita kuwa 4 furucinta ya yi kama da kalmar mutuwa, don haka adireshin da ta shiga cikinsa farashinsa kan yi ƙasa. Camfi ne, babu shakka, sai dai camfin da miliyoyin masu saye suka yarda da shi ya riga ya zama farashi.

A ɓangaren haruffa, abin da Sinawa suka fi kwaɗayi shi ne gajeren suna da babu wasulan a, e, i, o, u, kuma babu v a cikinsa. Dalili shi ne yawancin gaɓoɓin pinyin da baƙi suke farawa, saboda haka baƙaƙe zalla kan iya zama taƙaitaccen sunan kamfani, kamar yadda Jingdong ya koma jd.com a 2013. Wannan ya juya ma'aunin Turawa, waɗanda suka saba daraja sunan da ke furtuwa a baki. Sai ga tarin baƙaƙe marasa ma'ana a kunnen Bature sun fi tsada.

Daga nan ne labarin ya sauya. Haruffa 20 da suka rage, idan aka jera su huɗu-huɗu, suna ba da adireshi 160,000 a ƙarƙashin .com, ba za su taɓa ƙaruwa ba. Masu kuɗi suka lura da hakan a daidai lokacin da kasuwar hannun jari ta Shanghai ta rufta a tsakiyar 2015, gwamnati kuma ta rage darajar yuwan a watan Agusta. Ga dokar da ta kayyade wa mutum canjin dala 50,000 a shekara. Adireshin intanet ba ya bi ta kwastan, ana iya miƙa shi ga wani a ko'ina cikin 'yan mintoci, kuma da dala ake yi masa farashi. Aka shiga sayen su ɗari-ɗari kamar masu ɓoye hatsi lokacin kaka, ba tare da niyyar gina ko shafi ɗaya a kansu ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2015, sannan ya rikito a 2016, lokacin da masu sayarwa suka fi masu saye yawa, ga kuɗin sabunta rajista na kowace shekara ya zo wuya. Sababbin ƙarshen adireshi irin su .top da .wang, da aka yi ta rajistarsu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da yawa aka bar su suka mutu.

A ganina kasuwa biyu ce a nan, kuma masu sharhi kan cakuɗa su. Sunayen da kamfani na gaske ke buƙata, irin haruffa biyu da 676 ne kawai a .com, har yau suna da daraja. Waɗanda aka saya don jiran wani ya zo ya ƙara kuɗi su ne suka ci jarin mutane.

Hannun hukuma ma ya shiga. Dokokin da Ma'aikatar Masana'antu da Fasahar Sadarwa ta Sin ta fara aiki da su a 2017 sun ƙarfafa sharaɗin rajista da sunan gaskiya, tare da wajabta wa masu kula da kowane ƙarshen adireshi samun lasisi kafin a yi amfani da shi a shafukan cikin ƙasar. Mai son ɓoye dukiya ba ya son a nemi katin shaidarsa. Ga kuma WeChat, inda jama'a ke saye da biyan kuɗi ba tare da rubuta adireshin kowa ba. Hankali yanzu ya karkata ga .ai na tsibirin Anguilla, wanda ya samu kusan dala miliyan 32 daga rajista a 2023. Ko a can tsohuwar ɗabi'ar ta biyo baya: kamfanin da Kai-Fu Lee ya kafa a wannan shekarar 01.ai ya raɗa wa kansa.

Akwai gefen da ya shafi ma'aikatunmu kai tsaye. Dillalai na da manhajojin da ke dakon duk adireshin da rajistarsa ta ƙare, su cafke shi nan take, kuma sau da yawa tsohon shafi mai mutunci kan wayi gari ya koma tallar caca da Sinanci. Adireshin .gov.ng, da hukumar NITDA ke kula da bayar da shi ga hukumomin gwamnati kaɗai, ba ya shiga wannan gwanjo. Shirin gwamnati ko ofishin mai riƙe da muƙami da ya buɗe shafinsa a .com ko .org da sunan wani ɗan kwangila kuwa, ranar da aka manta biyan kuɗin sabuntawa, sunan da ke jikin takardun ofis da katunan jami'ai ya zama na wanda ya riga kowa dannawa.