Kifin Talaka A Bakin Kifin Mai Kuɗi

Ko ka san cewa kifin da ake kiwo cikin keji a teku, kamar salmon na ƙasar Norway, da ɗan'uwansa kifi ake ciyar da shi? Ana kamo ƙananan kifaye a dafa, a matse mansu, sannan a busar da tuƙar a niƙe. Da wannan gari da mai ake haɗa abincinsa. Peru ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, amma akwai masana'antunsa birjik a Nuwadibu ta ƙasar Muritaniya, da kuma Senegal da Gambiya. Kifin da suke niƙewa a can, dangin shawa ne da matan wurin ke ƙyafewa su sayar wa talakawa. Wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar tare da Changing Markets a 2021 ya ce abin da ake kwashewa daga gaɓar Afirka ta Yamma ya haura tan dubu 500 duk shekara.

Wannan ya sa ni nake ganin binciken da masana ke yi na neman madadin garin kifi ya shafe mu, ko da ba mu taɓa ɗanɗana salmon ba.

An yi nisa, babu musu. A 1990 kusan kashi 90 cikin ɗari na abincin salmon a Norway daga teku yake, amma ya zuwa 2020 bai kai kashi 30 ba. Waken suya da alkama da man tsirrai suka cike gurbin. Sai dai kifin nan maci-nama ne. Idan waken ya yi yawa ba tare da an tace shi ba, hanjinsa kan kumbura. Haka kuma man tsirrai ba ya ɗauke da irin kitsen omega-3 da ake sayen kifin dominsa. Ga shi waken daga Barazil ake jigilar mai yawa, inda nomansa ya ci dazuzzuka. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Abubuwa biyu ne suka fi kwanta mini a rai. Akwai tsutsar wani baƙin ƙuda da ke rayuwa a kan dusa da ragowar kayan gona, wadda Tarayyar Turai ta halatta sa garinta a abincin kifi a 2017. Akwai kuma man da ake samu daga ƙwayoyin gansakukar teku, waɗanda ake renonsu cikin tankuna. Dama daga gansakuka kifi ke samun kitsen nan tun asali, an dai yanke dillali ne. Matsalarsu tsada da ƙarancin yawa.

Inda nake ja da masu murna shi ne lissafin kashi cikin ɗari. Kason ya ragu, amma yawan kifin da ake kiwo ya ninka sau da yawa, saboda haka jiragen kamu ba su huta ba. Ma'aunina ɗaya ne: tan nawa na shawa ya koma hannun masu ƙyafe kifi a Senegal? Kuma in har tsutsar nan ta yi araha, mai kiwon tarwaɗa a Ibadan ko Epe zai amfana, domin kuɗin abinci ne ke cinye fiye da rabin abin da yake kashewa.