Wa ya sa hannu a takardar filin da ke kan hanyar ruwa?

 Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma tun yanzu mun san abin da za a miƙo mana mu karanta a labarai cikin watan Agusta: gidaje kaza sun rushe, mutum kaza sun rasu, tawaga ta kai shinkafa da tabarmi da gidan sauro. Daga nan a ce ƙaddara ce. To mu kam mun gaji da karanta wagga takarda.

Ruwa na Allah ne, ba mu musu. Amma takardar fili ba daga sama take saukowa ba. Wani ne ya auna, wani ya kafa iyaka, wani ya buga hatimi, wani ya amshi kuɗi. Ranar da ƙorama ta biyo tsohuwar hanyarta ta tarar da ɗakin talaka a tsakiya, duk waɗannan mutane sai su ɓace, a bar mai gida da laka da kukan ɗiyansa.

Mu 'yan Maradi ba mu da hujjar cewa ba mu sani ba. Ku tambayi tsofaffin Bagalam ko Mokoyo. Asalin garin a fadama yake, bakin Gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi sannan aka hau da shi bisa tudu. Turawan mulkin mallaka, waɗanda ba ƙaunarmu ta kawo su ba, sun gane cewa ba a gardama da Gulbi. Yau, da injiniyoyinmu da taswirar tauraron ɗan adam, mun koma muna yanka parsel a cikin kwari da bakin tafki, ana sayarwa da rani lokacin da ƙasa ta bushe ƙaf, mai saye bai ga komi ba. Ramukan da aka haƙa ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan kartiye guda, an cike su da shara an ɗora bulo a kai. To ina ruwan zai je? Ɗakinka zai shigo, malam.

Mun ga sakamako a 2024. Ranar 30 ga Agusta, ruwa kusan milimita 150 ya sauka a Maradi cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi. Komawa lakwal sai da aka ɗaga ta zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa cike suke da waɗanda suka rasa matsuguni. E, ruwan shekarar ya wuce misali, kuma masana na cewa irinsa zai ƙara yawa. Ai wannan dalili ne na ƙara tsanani wajen raba filaye, ba uzuri ba.

Ku dubi Yamai. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro kewaye da birnin, aka yi shingen itatuwa mai faɗin kusan hekta 2,500 don ya tare iska da rairayi. Je ka yau ka ƙirga gidajen bene da gidajen mai da suka tsiro a ciki. Ba mai kwasar itace a ka ba ne ya gina su. Sannan kowace 3 ga Agusta manya su fito da farar riga su dasa itace gaban kamara, babu mai komawa ya ba shi ruwa. Abin kunya, manoman karkarar Maradi da Damagaram, da sassaben zamani kawai, sun raya miliyoyin gawo a gonakinsu ba tare da biki ba.

Mu ma da namu laifin, kada mu yi wa juna ƙarya. Wa ke juye kwandon shara cikin kaniwo da dare? Mu ne. An yi dokar hana leda tun 2014, amma ko ƙosan dala biyar ka saya sai an ƙulle maka shi a baƙar leda. Sai dai wanda ke amsar haraji a kasuwa kullum shi ya kamata ya aje wurin zuba shara, ya kuma yashe kaniwo tun watan Afrilu, ba sai ruwa ya kai gwiwa ba a fito da shebur ana ɗaukar hoto.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Kafin a buɗe kowane sabon lotisma, a liƙa taswirar hanyoyin ruwa a ƙofar mairi, a karanta ta da Hausa a rediyo, kartiye bayan kartiye. Wanda aka riga aka sayar wa fili a kwari, a musanya masa da na tudu, tunda da kuɗinsa ya saya. Kuma duk gidan da ruwa ya ci alhali yana da takardar hukuma, a faɗa mana sunan wanda ya sa hannu, ko zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe.

Ran Alhamis layukanmu a buɗe suke. Mun aje kujera guda a situdiyo ga duk jami'in raba filaye da ya yarda ya zo, da sharaɗin ya zo da taswirarsa a hannu. Ku kuma, ku rubuto mana a ƙasa inda ruwa ke kwana a kartiyenku.