Ba Kowace Ƙwaya Ce Ta Cuta Ba

'Yan'uwana ɗalibai, a Hausa duk wata halitta da ido ba ya iya gani mun raɗa mata suna "ƙwayar cuta". A ganina wannan suna yana yi mana illa, domin yana sa jama'a su ɗauka dukkansu abin kashewa ne.

Alhali kuwa hanjin ɗan Adam cike yake da ƙananan halittu masu amfani, waɗanda suke taya mu narkar da abinci, suke kuma hana miyagun cikinsu yaɗuwa. Jinin da ya fito daga hanji, hanta yake fara zuwa. Saboda haka idan miyagun suka rinjayi na kirki, gubarsu takan isa hanta ta sa ta kumbura, kuma kumburin shekara da shekaru yana iya share wa ciwon daji hanya. A shekarar 2013 masana a Japan sun nuna yadda ƙiba ta sauya halittun hanjin ɓeraye, har suka riƙa juya ruwan maɗaciya zuwa sinadarin da ya taimaka wajen tsirowar dajin hanta. Haka kuma ƙwayar taifot da ta daɗe cikin maɗaciya tana ƙara haɗarin dajin maɗaciyar.

Wanda ke sayen kafso a kemis ba da umarnin likita ba, bai san yana kashe masu amfanin tare da miyagun ba. Harshensa bai taɓa bambanta masa su ba.

Don haka ina kira gare mu, mu masu nazarin Hausa, mu zauna da likitoci mu samar wa masu amfanin sunansu na kansu.