Hukuncin da ba a faɗi dalilinsa ba

A 2011 Amurka ta kafa dokar da ta ba jama'a damar ƙalubalantar takardar mallakar ƙirƙira idan an ba da ita bisa kuskure. Da wannan doka ce ƙungiyar EFF ta sa aka soke, a 2015, iƙirarin kamfanin Personal Audio na mallakar dabarar watsa shirye-shiryen sauti ta intanet, dabarar da wasu suka riga shi sani. Amma a 2025 shugaban ofishin rajistar ya karɓe ikon zaɓen ƙarar da za a saurara, yana sallamar masu ƙara da gajeriyar sanarwa marar bayani. Wannan rashin adalci ne. Alƙalin da ya ɓoye dalilinsa ya toshe hanyar gyara kuskurensa, ƙananan masu rubuta manhaja kuwa su ne ke biyan kuɗin.