Kafet ko Tabarma?

A ganina mutanenmu na Gaya da Ajingi sun fara raina tabarmar kaba. Iyayen amarya har bashi suke ci don su sayo kafet daga Sabon Garin Kano. Amma da hunturu ƙura takan shige cikinsa ta zauna, yara suna rarrafe suna shaƙa, sai tari da mura. Da damina kuwa, in ɗakin ba siminti, sai ya jiƙe ya yi wari. Tabarma fa? A kakkaɓe, a shanya, shi ke nan. Ɗalibai, in Allah ya ba ku naku gida, ku sayi abin da za ku iya naɗewa ku fitar rana, tabarma ko ƙaramar darduma. Sauran kuɗin a ajiye don karatun yara.